Ɗigo Ɗaya a Farkon Hanya

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Yanke na tsaye a bakin shago yana sayen batirin fitilar ’yarsa, sai ga wayar manaja.

“Injiniya, ba ka ce ka sa sabuwar manhajar ɗakunan sanyi ba?”

“Na sa, ranka ya daɗe.”

“To tsohuwar ce ke tashi, kuma ba ta ganin ɗaki na uku. Koma ka duba. Magani ne a ciki, ba ƙanƙara ba.”

Sai da ya tabbatar wayar ta katse sannan ya ja tsaki. Ya yi wa Tsuntsuwa alkawarin zai iso gida kafin duhu. Tsuntsuwa ita ce ’yarsa tilo, ko makaranta ba ta shiga ba, bakinta ba ya hutawa shi ya sa sunan ya bi ta. Tana tsoron duhu, ba ta barci sai da ’yar fitilarta a hannu. Kullum da yamma tana jin ƙarar babur ɗinsa za ta kwaso da gudu tana “Baba! Baba!”, shi kuma ya ce “Na’am, ’yar Baba,” ya ɗaga ta sama. Duk duniya wannan kiran kaɗai yake amsawa da zuciya ɗaya. Sauran mutane kuwa tsani ya ɗauke su, a taka a wuce.

Sunan Yanke a wurin aiki ya samo shi, don bai taɓa ganin doguwar hanya bai nemi inda zai yanke ba. Wanda ya koya masa aikin wani dattijo ne, tsohon injiniyan ma’ajiyar magungunan. Shi ya ɗauko shi bai san komai ba, ya zaunar da shi kusa da shi, ya yi ta haƙuri da shi har hannunsa ya faɗa. Da hannun ya faɗa, sai Yanke ya fara raɗa wa manaja cewa Dattijo tsohon yayi ne. Bai nemi a kore shi ba, korar irinsa tana jawo surutu. Takardar da ke manne a ƙofar ofis, mai nuna wanda za a kira in na’ura ta lalace, ita ya sake bugawa, ya sa lambarsa a sama. Ya sa aka mayar da teburin Dattijo can ƙarshen baranda, kusa da inda ake tara karyayyun kujeru.

Dattijo ya ci gaba da zuwa kullum da gogaggiyar riga. Ya ajiye wayarsa a kan tebur ya zuba mata ido, ba ta ƙara. Wata rana ya tare Yanke a gaban mutane, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Ɗana, wani laifi na yi?”

Yanke ya yi dariya ya ce, “Haba Tsoho, ai ba a kore ka ba. Kana nan. Ka zauna, in an buƙace ka za a neme ka.”

Aka yi dariya, don mutane ba su da kunya in ba su ne a ƙasa ba. Daga baya Dattijo ya daina zuwa, kuma babu wanda zai iya faɗin ranar da ya daina.

Lokacin da Yanke ya isa ma’ajiyar kowa ya watse, sai maigadi yana alwala a bakin get. Ya miƙe ya ɗauko makullai, suka bi ta gefen ɗakunan sanyi har ƙuryar ginin, inda ɗakin na’urori yake. Ƙofar ƙarfe ce mai nauyi, da kwaɗo ake rufe ta daga waje, ɗakin kuma ba shi da taga.

Maigadi ya ce, “Kada ka daɗe, Injiniya. Ba na son ɗakin nan da magariba. Dattijo ma in zai shiga sai ya yi sallama.”

“Da wa?”

“Ban tambaye shi ba.”

“Tsufa ne,” in ji Yanke, ya tura ƙofar da ƙafa ya shige.

Ɗakin na warin ƙura mai zafi da ƙonanniyar roba, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani wari na danshi, irin na tufafin da aka ninke ba su bushe ba. Fankokin na’urori na ta gurnani. Doguwar fitilar sama tana ƙyaftawa jefi-jefi. Ya zube wayarsa da makullin babur da batirin Tsuntsuwa a kan tebur, ya ja kujera, ya buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni.

Bai sha wuyar gano matsalar ba, don Dattijo ya taɓa warware masa ita tun yana sabon shiga. Ya ce masa kwamfuta ɗan aike ce marar wayo. In ka rubuta sunan manhaja, ba ta san inda take zaune ba, sai ta bi wani layi da ake kira hanya, wanda aka jera foldodi a cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙwanƙwasa ta farko, ta kira sunan. In ba a amsa ba ta wuce ta biyu. Duk wanda ya fara amsawa shi za ta kawo maka, ba ta tambayar ko shi kake nufi, kuma ba ta ƙara taku ɗaya gaba. Manhajar sanyi guda biyu ce a na’urar, sunansu ɗaya. Foldar tsohuwar ce a gaba, shi ya sa sabuwar take zaune a baya ba a isa gare ta.

Gyaran kirki a bayyane yake. Ka nemo cikakken adireshin foldar sabuwar, ka rubuta shi a gaban na tsohuwar, ka rufe allon ka sake buɗewa, sannan kafin ka tayar da komai ka tambayi kwamfutar wanne za ta kira. Amma adireshin dogo ne, folda cikin folda cikin folda, ga Tsuntsuwa na jira. Yanke kuwa a cikin foldar sabuwar manhajar yake tsaye. Akwai yanke. In ka sa ɗigo ɗaya a farkon hanya, ma’anarsa ita ce: fara neman sunan a nan inda nake.

Wannan ɗigon ne kaɗai abin da ya taɓa sa Dattijo ya buge masa hannu. Ya ce, “Kada ka kuskura. In ka sa shi a gaba, ka ba duk wanda ke ɗakin da kake izinin ya riga kowa amsawa. Kuma ba kullum ka san wanda ke ɗakin ba.”

Yanke ya tuna maganar tsaf, ya yi murmushi. Ya sa ɗigon. Ya adana shi a fayil ɗin da kwamfutar ke karantawa duk lokacin da ta tashi, don kada gobe a sake damunsa. Bai tambayi wanne ba. Ya rubuta sunan manhajar ya danna.

Ta tashi. Ɗaki na uku ya bayyana da sanyinsa daidai.

“Shi ke nan,” ya faɗa a fili. “Abin da Tsoho zai kwana yana yi.”

Daga nesa aka fara kiran sallar magariba. Fankokin suka rage gurnani, ba su tsaya ba, sun dai yi ƙasa da murya kamar an shigo da baƙo. Warin danshin nan ya ƙaru. Fitilar sama ta ɗauke, ta dawo.

Ya kai hannu zai rufe allon, sai ya hangi inuwarsa a cikin baƙin gilashin. Kansa, kafaɗunsa, wuyan rigarsa. A bayan kafaɗarsa ta hagu akwai wani kan.

Ya waiwaya da sauri. Bango ne da wayoyi.

Ya juyo. Kai ɗaya ne a gilashin. Ya sauke numfashi, ya ce gajiya ce.

Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Maiɗakinsa ce. Ya miƙa hannu, kafin yatsansa ya taɓa ta ƙarar ta yanke, allon wayar ya nuna an ɗauka.

“Na’am,” aka ce a bayansa.

Muryarsa ce. Har da ’yar shaƙewar da mura ta bar masa.

Muryar matarsa ta fito siririya daga wayar. “Baban Tsuntsuwa, kana ina? Ta ƙi cin abinci, wai sai ka zo.”

“Ki ce mata ga ni nan. Na sayo batirin,” in ji muryar da ke bayansa.

Yanke ya buɗe baki zai yi magana. Ya ji an yi kokawa da wayar a can gida, sai ga numfashin yarinya.

“Baba!”

“Na’am, ’yar Baba.”

Nan ihun ya ƙwace masa. “Ba ni ba ne! Tsuntsuwa, ba ni ba ne!” Ya ji muryarsa ta bugi bango ta dawo. A wayar kuwa yarinya sai dariya take, tana ba da labarin ƙadangaren da ta gani. An riga an amsa mata, ba ta sauraron kowa kuma.

Wayar ta mutu.

Ɗigon. Ya faɗa kan madannai. Ya rubuta sunan manhajar gyara rubutu don ya buɗe fayil ɗin ya goge shi. Ya danna.

Allon ya rubuto kalma ɗaya: Na’am.

Ya kira wata manhajar. Na’am.

Ya kira mai goge fayil. Na’am.

Gumi ya karyo masa duk da sanyin da ke ratso bango. Kowane suna ya kira, a nan ɗakin ake fara nemansa, kuma a nan ɗakin ake amsawa. Sai yanzu ya yi tambayar da ya kamata ya fara yi. Ya rubuta: wanne?

Ni.

Mafita biyu ce, ya san su duka. Ko ya kira manhajar da cikakken adireshinta, wanda ba ya bin hanya, ko ya sake rubuta layin hanyar gaba ɗaya daga ka. Dattijo yana yin kowanne ido rufe. Yanke bai taɓa haddace ko ɗaya ba, kullum cewa yake wahalar banza ce. Ya gwada wani adireshi, babu. Ya gwada wani, babu.

Wani numfashi ya sauka a ƙeyarsa, mai sanyi, mai warin jiƙaƙƙen tsumma.

Bai waiwaya ba. A gilashin yake kallo. Kan ya dawo, ya sunkuyo daidai kunnensa. Fuskarsa ce, har da tabon da ke gira. Idon ne kawai ba ya ƙiftawa.

“Wane ne kai?” ya raɗa.

“Wanda ke nan,” aka raɗa masa. “Na daɗe a nan. Ba a taɓa sa ni a gaba ba.”

“Me kake so?”

“Ka riga ka ba ni.”

Fitila ta ɗauke. Ya ji ƙarar makulli an ja shi a kan tebur. Ya ji an ɗaga waya. Ya ji batiri ya gangara, an cafe.

Fitila ta dawo. Teburin wayam.

Aka buga ƙofa daga waje. “Injiniya, ka gama? Zan rufe.”

Yanke ya cika huhunsa da iska.

“Na gama, Baba maigadi,” aka ce daga bakin ƙofa. “Rufe abinka. Sannu da ƙoƙari.”

“A’a, yau har da sannu? To madalla. Sai da safe.”

Ƙofar ƙarfen ta fara tahowa.

Ya tashi, kujera ta kifa. Ya yi tsalle ya cusa hannu a ’yar kafar da ta rage. Ƙarfe ya datse yatsunsa, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Ya yi ƙara.

“Ƙofar nan ta fara cijewa,” in ji maigadi, ya ja ta baya kaɗan don ya bugo da ƙarfi.

A wannan ɗan jan Yanke ya kutsa. Ƙarfe ya yage masa riga, ya kwashe fatar kafaɗarsa. Ya zube a ƙasa a gaban ƙafafun maigadi.

Maigadi ya tsallake shi, ya danna kwaɗo.

A bakin get aka tayar da babur.

Ya bi titi da gudu, hannu na zubar da jini. Ba ɓacewa ya yi ba. Wata mata da ya bangaje ta zage shi, wani direba ya danna masa oda. Wanda bai san shi ba yana ganinsa sarai. Amma mai shagon da ya sayar masa da batiri, da ya tsaya a gabansa yana haki, sai ya leƙa ta gefensa yana ce wa wani, “Yanzu Injiniya ya wuce, har ya ɗago mini hannu.” Ido ma ɗan aike ne, in ya sami wanda yake nema ya daina nema.

Babur na jingine a inda yake ajiye shi. Ƙofar gida a buɗe. Ya shiga falo yana jan ƙafa.

Ga mai fuskarsa can zaune a kujerarsa, ya ba ƙofa baya, ya cire takalmi ya jera su, abin da Yanke bai taɓa yi ba. Tsuntsuwa na kan cinyarsa tana kunna fitilarta tana kashewa. Matar ta fito daga kicin da faranti, fuskarta a sake, irin sakin da ya manta tana da shi.

“Yau wace rana,” ta ce. “Ka shigo ba tsaki, har da tambayata ya na wuni.”

“Ai kin cancanci fiye da haka,” aka ce mata.

Yanke ya kira ta. Ya kama gefen mayafinta da hannun da bai karye ba. Ta fizge ba tare da ta duba ba, ta ce ƙusar ƙofar nan za ta yaga mata kaya wata rana.

Sai hasken fitilar Tsuntsuwa ya zagayo ya sauka a fuskarsa. Ya tsaya a nan. Yarinyar ta daina dariya. Ta dube shi, ta dubi wanda ke riƙe da ita, ta sake dubansa.

“Baba?”

Yanke ya ga dama ta samu. Duk abin da ya rage a jikinsa ya tattaro ya kawo bakinsa.

“Na’am, ’yar Baba,” aka ce a saman kanta, a hankali, tun kafin ta rufe baki.

Ta juya. Ta kwantar da kai a ƙirjin. Ta saman kanta idon nan da ba ya ƙiftawa ya dubi Yanke, aka yi masa murmushi da bakinsa.

Da gari ya waye ya nufi gidan Dattijo, gidan da rabonsa da shi tun yana neman a koya masa aiki. Ya same shi a ƙofar gida a kan kujerar roba, ya rame, rigarsa dai a goge. Dattijo ya ɗago ya dube shi, ido cikin ido. Yanke ya zube a gabansa yana kuka, don tun jiya, in ban da Tsuntsuwa, babu wanda ya san shi da ya dube shi.

“Maigida, kana ganina?”

“Ni ban taɓa karɓar wanda ya fara amsawa ba sai na tambaya,” in ji Dattijo. “Wanne ne kai?”

“Ni ne, Maigida. Na gaskiyar. Na sa ɗigon.”

“Na sani. Ɗayan ya riga ka zuwa, da sassafe. Ya durƙusa nan inda kake, ya ce ya zalunce ni, in yafe masa.” Dattijo ya gyara zama. “Na daɗe ina jiran in ji wannan maganar da wannan muryar. Na san ba kai ba ne. Na dai yafe masa.”

“Ka taimake ni, don Allah. Kai kaɗai ka san layin da ka. Ka shiga ka sake rubuta shi. ’Yata, Maigida. ’Yata tana hannunsa.”

“Tana kuka?”

Yanke ya girgiza kai.

“Matarka ta kawo ƙara? Manaja ya ce wani abu ya lalace?”

Ya sake girgiza kai.

“To wa zai kira ni? Ko an kira, lambarka ce a sama.” Dattijo ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. Muryarsa ba fushi a ciki, kuma wannan ya fi fushin ciwo.

“Kada ka damu, ɗana. Ai ba a kore ka ba. Kana nan. Ka zauna, in an buƙace ka za a neme ka.”

Ya shige, ya sa sakata.

Tun daga ranar ɗaki na uku bai sake ba da matsala ba. Manaja na yabon Injiniya a gaban kowa, ya ce mutum ya canza kamar ba shi ba. Maigadi ya daina tsoron ɗakin na’urori, ya ce yanzu in ka shiga sai ka ji babu kowa. Tsuntsuwa ta daina barci da fitila.

A falon gidan, bayan ƙofa, akwai wata kujera mai karyayyar ƙafa da matar ke ta cewa za ta jefar, kullum sai ta manta. Nan Yanke yake zama. Yatsunsa sun warke a karkace. Da rana ta yi ja zai gyara zama, ya jiƙa leɓensa, ya buɗe baki rabi, ya ajiye “Na’am” a kan harshe. Ya ji babur ya tsaya. Ya ji ƙananan ƙafafu sun kwaso da gudu sun wuce ta gabansa.

Har yau bai riga ɗayan amsawa ba.